Kamyon Nomau

Da kakar bana Nomau ya cika shekara talatin a ƙasa. Ni ɗan kawunsa ne, taubashinsa, wanda tun muna yara a Madarunfa nake kiransa bawana shi ma yana kirana bawansa, kuma har ya koma ga Allah ba mu raba wannan gardama ba. Na so in rubuta masa waiwaye mai sanyi, irin wanda ake ambaton kirkin mamaci a roƙa masa gafara a tashi. Na kasa. Duk lokacin da na ɗauki alƙalami haushi ne yake riga tausayi isowa, don haka masu karatu su yi haƙuri da tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, yadda abin yake a raina haka zan faɗe shi.

Yaran yanzu ba su san aikinsa ba, bari in fara da shi. Bayan samun mulkin kai gyaɗa ce arzikin ƙasar Maraɗi, kuma akwai wani biro, wato ofis a bakin 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, da ke kula da manomanta. Shi ke raba iri, shi ke buɗe kasuwa, shi ke kawo sikeli. Biro yana da takardu da hatimi amma ba shi da baki, Nomau ne bakinsa. Kafin a kai wani sabon abu ƙauye, ko hodar da ake cuɗa iri da ita ko sabon tsarin awo, shi ake turawa a kan kekensa ya riga kowa. Ya shiga Safo, ya shiga Sarkin Yamma, ya kai Gabi da ƙauyukan da ke bayanta, ya yi wa mutane bayani, ya dawo da abin da suka ce. Yau ana kiran wannan aiki hulɗa da jama'a, har jami'a ake zuwa a karanta shi. A takardar ɗaukarsa aiki kuwa ɗan aike aka rubuta.

Yana da salonsa. Ba ya faɗa wa gari ya tara mutane ya buɗe baki. Sai ya sauka wurin mai gari, ya gaida liman, sa'an nan ya taka har gidajen Arna masu bin addinin kakanni ya gaida sarkin noma, domin ya san maganar iri ba ta shiga ƙasa sai ta bi ta hannunsa. In ya faɗi abu to ya bincika, in bai sani ba ya ce zai tambayo. A haka mutane suka saba da shi. In Nomau ya ce ran Laraba za a buɗe kasuwa, mata su fara ɓarar gyaɗa ba tare da sun tambayi kowa ba.

A Yamai akwai wani horo na 'yan watanni, mu sitaj muke ce masa, wanda ake yi wa ma'aikatan da ke magana da jama'a da sunan hukuma. Wanda ya gama a ba shi takardar shaida. Mutane sun ɗauka ƙarin albashi Nomau yake hange da ya ƙwallafa rai a kan wannan sitaj. Ba shi ba ne. Mai takardar yana da kujera a ɗakin taro, inda ake yanke abin da za a faɗa wa manoma. Ɗan aike kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa, sai an gama a miƙo masa magana a dafe ya ɗauka. Wata rana muna zaune bakin tabki ya ce mini, “Rabe, ni ba ni ƙin ɗaukar kaya. So nike in kasance wurin da ake ɗaure shi, in na ga igiya ba ta kaiwa in hwaɗa tun ba a ɗora mani ba.” Kuma bai ɗauki kansa gwani ba. Lakwal ɗinsa bai yi nisa ba, ya san bai iya rubuta rahoto ba, ya san in aka ajiye masa na'urar ɗaukar murya ta gidan rediyo harshensa sarƙewa yake yi. Koyo yake so, da gaske.

To ga inda gizo ke saƙar. Ana fara sitaj ɗin nan da kaka, daidai lokacin buɗe kasuwar gyaɗa. Ban san wanda ya tsara wannan lokaci ba, amma na tabbata bai taɓa ganin gyaɗa ba sai a soye. Gurbin mutum ɗaya ake ba biron kowace shekara, kuma kowace shekara shef, wato shugaban biro, sai ya dafa kafaɗar Nomau ya ce bana ba hali, wa zai shiga ƙauyuka, a bari sai baɗi. Sai a duba cikin ma'aikata a zaɓi wanda in ya tafi ba mai lura, a tura shi. Ya dawo da takarda, a ce mai takarda ya fi ƙarfin Madarunfa, a ɗauke shi zuwa Maraɗi ko Yamai. Shef ya tafi wani ya zo, maganar ba ta canza ba. Iya aikin Nomau ne ya hana shi samun shaidar ya iya aiki, kuma a biron nan kaf ba wanda ya ga wani abin mamaki a ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Nomau da kansa yake wanke su. Mutumin da sana'arsa gyara magana ce, sai ya dawo gida ya gyara maganar da ta cuce shi. Zai zauna ya yi wa matarsa Tsahara bayani, cewa ai girmamawa ce, ba kowa ake riƙewa haka ba, shef ma ransa bai so ba, har baiwar Allah ta kusa aika wa shef da fura ta godiya. Na taɓa katse shi na ce, “Kai bawana, mu ma ƙauye ne da za ka zo ka wayar muna da kai?” Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Mai karatu zai ce me ya hana shi tsayawa ya nemi haƙƙinsa. A wurinmu mutum ba ya roƙa wa kansa babban abu da bakinsa. Neman aure, neman fili, neman sulhu, duk wani kake turawa ya yi maka baki. Nomau shi ne wanda kowa ke turawa. Shi ba shi da wanda zai tura.

Wanda ya yi niyyar cike wannan gurbi shi ne Gagare, sarkin noman wani ƙauye a bayan Gabi, Arne ne tsoho mai rumbuna da yawa da magana kaɗan, yana ɗaukar Nomau kamar ɗan cikinsa. Da labari ya kai gare shi ran kasuwa sai ya ce, “Aradu mu za mu tahi mu roƙa mashi.” Ya tattaro masu gari biyu da wani liman, suka sha manyan riguna, suka hau jakuna suka zo Madarunfa. Suka biya ta lakwal suka ɗauke ni, wai a samu mai jin Faransanci a cikin tawaga. Shef na lokacin mutumin yamma ne, daga bakin kogi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Kuma ƙa'idar biro ita ce duk wanda ya zo ganin shef, Nomau ne zai tsaya ya fassara. Haka aka kira mutumin da aka zo roƙo dominsa ya tsaya tsakani.

Dattawa suka yi abin da dattawa ke yi. Ba a shiga roƙo sai an shimfiɗa yabo. Gagare ya fara, “Ranka shi daɗe, yaron ga shi ne idonmu, shi ne kunnenmu. In bai zo ba, ba mu kai gyaɗa ga sikeli. Ran da babu shi ba mu san wanda za mu ji ba.” Mai gari ya ɗora nasa, na biyu ya ɗora, liman ya rufe da addu'a. Nomau yana tsaye kansa a sunkuye, gumi na zuba, yana fassarawa yana zubar da rabin yabon don kunya, amma abin da ya rage ma ya isa. Sa'an nan roƙon ya zo a can ƙarshe, ɗan ƙarami, yadda ake yi wa babba don kada a nuna ana koya masa aikinsa. Gagare ya ce, “To, muna so a dube shi.” Ke nan. Nomau ya juya ya faɗa da Faransanci cewa suna so a dube shi. Bai ƙara kalma ɗaya ba, domin in ya ce a tura shi Yamai ya roƙa wa kansa da bakinsa ke nan.

Ni ne na ɓata ladabi. Na tsoma baki a gaban dattawa na ce wa shef sitaj suke nufi, a sake shi bana ya tafi. Shef ba mugun mutum ba ne. Ya dube ni da murmushi ya ce, “Mushe,” wato malam da Faransanci, “ai da kunnenka ka ji. Sun ce in babu shi ba sa kai gyaɗa sikeli. Yaya zan yi in sake shi da kaka?” Ya miƙe ya gode wa dattawa, ya yi musu alkawarin muddin yana nan ba mai ɗauke musu Nomau. Aka fassara musu, suka yi murna. A waje Gagare ya riƙe hannunsa ya ce, “Mun gyara maka, ɗana.” Nomau ya durƙusa ya yi godiya, ya raka su har wurin jakunansu. Ni kuwa na koma aji na huce a kan yaran mutane.

Sai shekarun fari suka shigo. Wanda ya gan su ba ya bukatar bayani, wanda bai gani ba Allah ya sa kada ya gani. A shekarar da abin ya fi tsanani rumbuna sun zama wayam tun kafin sanyi ya wuce, mutane sun ci har irin da suka ajiye. Mazan ƙasar Gabi sun saba in rani ya yi su tsallaka Najeriya cin rani, su dawo da abin sayen hatsi da iri kafin ruwan shuka. A wannan shekara aka yi taro a biro, ƙofa a rufe, Nomau a waje. Da aka fito aka miƙa masa saƙo: ya shiga ƙauyuka ya ce kada maza su tafi, su tsaya su gyara gonaki, kamyo, wato babbar motar kaya, yana tafe da hatsi da iri kafin ruwa ya sauka. Nomau yana hira da direbobi, ya ji daga bakinsu cewa motocin duk an tura su arewa, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. Ya tari shef a bakin ƙofa ya faɗa masa. Shef ya ce an riga an yanke a taro.

Ya hau keke ya tafi. Ya yi iya dabararsa, ko'ina ya tsaya cewa yake biro ya ce, biro ya ce. Amma a ƙauyen Gagare, gaban jama'a, tsohon ya bari ya gama sa'an nan ya ce, “Biro ya ce, mun jiya. Kai mi ka ce?” Na sha juya wannan tambaya a raina. In ya ce bai tabbata ba, ya tsaya a tsakiyar gari ya ƙaryata masu gidansa, kuma gobe ba shi da abin da zai zo da shi. Ga shi shi kansa yana fatan motar ta zo, don yana ganin yadda yunwa ke cin yara. Ya ce, “Shina zuwa.” Maza suka kwance ƙunshin tafiya.

Kamyo ya zo. Ya zo bayan ruwa ya yi nisa, geron masu sauran iri ya kai gwiwa. Waɗanda suka tsaya ba su tafi cin rani ba, ba su kuma samu abin shukawa a kan kari ba, sun yi biyu babu. Gonar Gagare, wadda a da ake zuwa kallo daga wasu garuruwa, rabinta ciyawa ce ta cinye a damina ɗin nan. An yi rashi a wasu gidaje, ba zan shiga wannan ba.

Ba wanda ya zagi Nomau. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. In ya isa gari a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a saurare shi har ya gama, a ce madalla. In ya juya baya sai a tashi wani ya tafi Maraɗi ya tambayo ko gaskiya ne. Ya sani, domin a hanya yake gamuwa da su. Ya rame, ya rage dariya, amma ko sau ɗaya ban ji ya kama sunan wanda ya yanke maganar nan a taro ba.

Bayan fari sai ƙwari da cuta suka gama da sauran gyaɗar. Kaka ta zo ba kasuwar da za a buɗe, kuma ko da akwai, ba mai jiran Nomau ya faɗi rana. A wannan shekara aka ga ashe ana iya rabuwa da shi, sai aka tura sunansa Yamai. Ya tafi da furfura a gemu, shi ne babba a ajin, yaran da ke zaune da shi suna ce masa Baba. Na ɗauka zai dawo da ɗaci, sai ya dawo yana ba ni labari kamar sabon ɗan lakwal. Ya koyi rubuta rahoto, ya daina tsoron na'urar rediyo. Ya ce tun makon farko malaminsu ya koya musu cewa mai magana da yawun ma'aikata ba ya ɗaukar saƙon da bai tabbatar ba, kuma haƙƙinsa ne a zauna da shi tun ana shirya saƙon. Ya faɗa mini wannan a bakin tabki yana kallon masunta, muryarsa lafiya lau. Ni ne na tashi na bar wurin.

Aka ba shi kujera a ɗakin taro. Ya sa takardar cikin leda ya hau keke ya kai wa Gagare, don a ganinsa tsohon yana da haƙƙin ya ga abin da ya taɓa hawa jaki dominsa. Gagare ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya ce, “Mi ta ce?” Nomau ya ce ta ce ya iya magana da jama'a. Tsohon ya miƙa masa abarsa ya ce, “To, Allah shi sa a ji.” Bai daɗe a kan kujerar ba. Da wata kaka ya kwanta 'yar gajeruwar rashin lafiya, Allah ya karɓi abinsa.

Yau in na shiga Maraɗi ina ganin otel-otel cike da taron horarwa. A yi 'yan kwanaki ana shan lemo, a raba takardun shaida, a ɗauki hoto. Ba na hassada, wallahi na fi kowa murna da yaro ba zai jira furfura kafin a koya masa aikinsa ba. Jikar Nomau, Rakiya, ita ce mai hulɗa da jama'a a wani aikin raya karkara, bangon ɗakinta ya cika da irin waɗannan takardu. Da ta zo gaishe ni da salla na tambaye ta ko tana zama a ɗakin da ake yanke abin da za ta faɗa wa mutane. Ta yi dariya ta ce, “Haba tsoho, ni wa? In sun gama suke turo mani in gyara lahwazi.” Na dubi yarinyar nan, hancin kakanta sak.

Na kan tambayi kaina me Nomau zai ce da ya ga wannan zamani. Na san amsar, shi ya sa take ba ni haushi. Zai ce ci gaba ne. Zai ce sannu a hankali ake yi, yau takarda gobe kujera, masu taron ma ransu bai so ba. Zai zaunar da ni ya yi mini bayani mai daɗi har in kusa yarda, kamar yadda Tsahara ta kusa dama fura.

Me ya rage nasa? Takardar tana nan cikin akwatin Tsahara, gara ta ci gefenta. Masu tuna mutumin da ake ɓarar gyaɗa da maganarsa sun kusa ƙarewa, Gagare ya daɗe da bin sa. Amma sunansa bai ɓace ba. Kwanan baya ina tashar Madarunfa muna jiran motar da aka ce mana yanzun nan za ta iso, rana ta take, sai wani saurayi kusa da ni ya yi tsaki ya ce, “Wagga dai kamyon Nomau ce.” Jama'a suka yi dariya. Ashe haka ake cewa yanzu daga nan har Gabi, in aka yi alkawarin abu ya ƙi zuwa. Na tambaye shi wane ne Nomau. Ya ce, “Wallahi Baba ban sani ba. Wani maƙaryaci ne anka yi da.”

Amsar wannan magana ta fi ƙarfin tasha. Shi ya sa na kawo ta nan a rubuce. Nomau ya rayu bai samu wanda zai tura ba, to yau ni ne ɗan aikensa, kuma na ga abin da dogon yabo ya jawo masa, don haka roƙon zan faɗa ƙarara. Ku masu shirya horo da raba shaida, ku horar da mutum tun maganarsa tana da daraja, kuma in kun ba shi takarda ku buɗe masa ƙofar ɗakin, kada ku bar Rakiya inda kuka bar kakanta. Ku kuma mutanen Gabi da Safo da Sarkin Yamma, iyayenku sun san shi, ku tambayi waɗanda suka rage. Ku sauke sunansa daga kan kamyon nan.

Allah ya jiƙanka, bawana. Ba kai ka ɗaure kayan ba.